Gidan da Aka Ce Babu Kowa

Mutanen da wannan labari ya shafa ba su da yawa, kuma ga su dalla-dalla. Akwai Thelma Haddrill, tsohuwa, matar marigayi Cyril Haddrill mai kiwon tumaki. Akwai ɗanta Desmond, manomin auduga kuma dattijon coci, da matarsa Coralie, wadda duk yankin Wee Waa ya shaida da iya gasa kek da iya tausayi a bainar jama'a. Akwai 'yar Thelma, Noelene, da ke aure a Tamworth, wadda ke ƙaunar mahaifiyarta matuƙa ta wayar tarho. Akwai Barry Quill, matuƙin jirgin feshi. Na ƙarshe wani likita ne da ban ga dalilin ambaton sunansa ba, tun da shi ma bai ga dalilin tambayar majinyaciyarsa komai ba.

A lokacin da abin ya faru, Desmond ya riga ya sayar da tumakin ubansa, ya shuka auduga tun daga bakin kogin Namoi har jikin shingen gidan uwarsa. Ya gina wa kansa gidan bulo a kan tudu, ta gefen da iska ke tasowa. Thelma kuwa tana nan a tsohon gidan katako mai rufin kwano, ta gefen da iskar ke nufa. Ruwan rijiyar wurin zartsi ne, ko sabulu ba ya kumfa a cikinsa, saboda haka abin da ya sauka a kan kwanonta, ya bi bututu ya shiga tanki, shi take sha, da shi take dafa shayi.

Da zafi ya shigo, tsutsa ta faɗa wa auduga, jirgi ya fara zuwa da sassafe. Yakan bi gonar ƙasa-ƙasa yana sakin hazonsa, ya zo daidai kan rufin Thelma ya karkata ya juya. In ta fito bayan ya wuce, sai ta tarar da kwanon yana ƙyalli kamar an shafa masa mai.

Desmond mutum ne mai kula. Da an fara feshi yakan jingina tsani, ya zare bututun gidansa daga bakin tanki, ya bar ruwan sama ya wanke rufi ya malale a ƙasa, sai an gama feshin shekara ya mayar. Bututun gidan Thelma kuwa Cyril ne ya liƙe shi da dalma, tun zamanin da abin da ke faɗowa daga sama bai wuce ruwa da kashin tsuntsu ba. Ba ya zaruwa sai da zarto.

Ran wata Lahadi, bayan an taso daga coci, Desmond da Coralie suka biyo gaishe ta, kamar yadda 'ya'yan kirki ke yi.

"Des, ina zarton?"

"Kash! Na baro shi a rumfar tarakta, Mama. Mako mai zuwa."

"Makon jiya ma yana rumfar tarakta. Hala ya yi aure a can."

"Mama ke nan."

"Kwaɗin tankina sun mutu. Da rariya na tsamo su."

"To ai kin huta. Ba ke ce ke cewa sun dame ki ba?"

"Na ce sun cika surutu. Kai ma ka cika surutu kana ƙarami, ban tsamo ka da rariya ba."

Ta zuba shayi a kofunan baƙi masu zanen fure. A saman kowanne akwai wani siririn maiƙo mai launin bakan gizo. Coralie ta dafe ƙirji.

"Ayya, Mama, da ba ki wahalar da kanki ba. Mun zo da namu a fulas. Cikina ba ya son canjin ruwa."

"Shi ma Des da cikinki yake amfani?"

"Ni a ƙoshe nake, Mama," in ji Desmond, yana tsiyaya na fulas a murfi.

A ƙasar nan mutum yakan sha shayin wanda ba sa ga maciji da shi, balle na uwar da ta haife shi. Da suka tafi Thelma ta shanye nata, ta shanye nasu, domin ba ta saba zubar da shayi ba.

Daga nan alheri ya fara sauka a kanta babu ƙaƙƙautawa. Coralie ta zo da kwando ta kwashe wankinta kaf.

"A shekarunki, Mama, ki riƙa tsayuwa cikin rana kina shanya? Me mutane za su ce? Ina da inji."

Ta kwance igiyar shanyar ma ta tafi da ita, kada tsohuwa ta harɗe ta faɗi. Desmond ya kawo butar lantarki sabuwa fil, ya ce hayaƙin murhun itace yana ɓata ƙirji, ya hau da kansa ya toshe mafitar hayaƙin. Tsanin da bai taɓa samun lokacin jinginawa ta gefen tanki ba, ran nan ya samu lokacin jingina shi ta ɗaya gefen. Thelma ta roƙi ko jarka guda ta ruwan tankinsu. Coralie ta ce wallahi da so samu ne, amma nasu ma lallaɓa shi suke yi, tun da sun zare bututu ba abin da ke shiga.

Kaji suka fara tangaɗi kamar masu fitowa daga mashaya, suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Desmond ya ce ciwon kaji ne, yana yawo bana. Ganyen tumatir ya nannaɗe ya ƙone. Thelma ta sa shebur ta juya ƙasar lambun daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba ta ga tana ko ɗaya ba, a wurin da a da kowane shebur ke fitowa da su birjik. Desmond ya ce ƙasa ma tana tsufa.

Sai abin ya zo kanta. Ciwon kai ya fara tashinta tun kafin jirgi ya tashe ta. Hannunta ya kama rawa, har zare ya daina shiga allura. Takan yi amai da hantsi, gumi ya jiƙa ta ko tana inuwa, idonta ya riƙa ganin ƙofa biyu inda take guda. Wani lokaci harshenta ya yi nauyi, magana ta fito a karkace.

Coralie ta kai ta asibitin gari, sanye da hular zuwa coci. Likitan ya dubi Coralie ya ce, "Me ke damunta?"

"Ruwan tankina ne," in ji Thelma.

"Tana cin abinci?" Likitan bai ɗauke ido daga kan Coralie ba.

"Kaɗan-kaɗan, likita. Ga mantuwa. Ga zargi. Yanzu ta ce kwaɗi, an jima ta ce kaji."

"Ina jin warin maganin a cikin shayi," in ji Thelma. "Kamar tafarnuwa da kananzir."

"Ka ji ko, likita?"

Likitan ya girgiza kai irin na wanda ya ga duniya. Kusan duk wanda ke zaune a ɗakin jiransa daga auduga yake ci, kuma shi ma daga wurinsu yake ci. Ya ce tsufa ne da zafin rana, ya ba da ƙwayoyin kwantar da hankali, ya kuma ja kunnen Coralie da kakkausar murya cewa lalle a tabbatar tsohuwar tana shan ruwa da yawa.

Da maraice Thelma ta buga wa Noelene waya.

"Noelene, ki zo ki ɗauke ni na kwana biyu, ko ki turo mijinki da zarto."

"Wayyo, Mama, kin san ɗakin baƙi cike yake da kayan ɗinki. Kuma na yi magana da Coralie, ta ce likita ya ce ba komai."

"Likitan bai ko kalle ni ba."

"Mama, kada ki ƙara wa Des damuwa. Kin san yadda tsutsa ta sa shi gaba bana. Ki riƙa gode wa Allah kina da ɗa a kusa. Wasu nasu suna Sydney."

"Da nawa yana Sydney da kajina suna nan."

"Kai, Mama, ba kya rabo da barkwanci! Ina ƙaunarki. Abinci na ƙonewa."

Ranar Kirsimeti aka ɗauko ta zuwa gidan bulo. An cika tebur da naman sanyi da dankali da kek ɗin Coralie, kowa ya ɗora hular takarda a ka. Cikin baƙi har da Barry Quill, wanda ba shi da iyali a yankin, ƙato mai jan wuya da ladabi. Aka zaunar da shi daura da Thelma.

"Misis Haddrill, a cikin gari kike zaune, ko Narrabri?"

"A ƙarƙashin cikin jirginka nake zaune, ɗan nan. Na san kowace ƙusa da ke jikinsa."

Barry ya ajiye cokali. "Gidan kwanon nan na ƙarshen gona? Ai Des ya ce mini ma'ajiyar buhuna ce. Ni ƙa'idata guda, ba na sakin magani kusa da inda mutum ke kwana. Nakan bar fili mai faɗi, ko mai gona zai yi kuka."

Desmond ya yi dariya, ya taɓa gefen kansa da yatsa.

"Da can take nufi, Barry. A nan take tare da mu, a ɗakin baya. Wani lokaci takan koma shekarun da suka wuce."

"Shekaranjiya ma Cyril take nema," in ji Coralie a hankali, tana gyara wa surukarta hula. "Allah sarki."

"Ƙarya kuke yi!" Thelma ta so ta faɗa da ƙarfi, amma harshen ya zaɓi wannan lokaci ya yi nauyi. Hannunta ya buge kofi, ruwa ya malale a tebur, hular takarda ta zamo ta rufe mata ido guda.

Barry ya dube ta da tausayi na gaskiya. "Kakata ma haka ta yi kafin ta rasu," in ji shi. "Ni dai kullum ina bi ta kan gidan. Ban taɓa ganin shanya ba, ban taɓa ganin hayaƙi ba, ko kaza babu."

A nan ne Thelma ta gane nauyin alherin da aka yi mata.

A mota, kan hanyar mayar da ita, ta ce, "Desmond, ka ce wa mutumin nan ni buhu ce."

"Ban ce ke buhu ce ba, Mama. Ma'ajiya na ce."

"To na gode da ka bambance."

"Ki fahimce ni. In Barry ya bar gefen nan babu feshi, can tsutsa za ta taru ta hayayyafa, ta dawo ta cinye gonar gaba ɗaya. Gonar nan ta iyali ce. Taki ce ke ma. Saura kaɗan a gama, ki riƙa rufe taga kawai."

"Rufin fa? Shi ma in rufe shi?"

"In na yanke bututun yanzu, ba ki da ruwa ke nan. Kin ga ai ke nake tausaya wa."

Thelma ta yanke shawara cewa tun da bakinta ba ya shaida, jikinta zai shaida. Barry mutumin kirki ne, in ya ga mutum tsaye a ƙofar gidan da idonsa, magana ta ƙare. Da gari ya waye ranar feshi na gaba, ta ciro farin mayafin tebur na ranar aurenta, ta ɗaure shi a sandar share ɗaki, ta lallaba har bakin shinge inda kunyoyin auduga suka ƙare.

Ta sha hango leburori a can nesa suna kaɗa farar tuta in jirgi ya taso. Ita matar mai tumaki ce, ba ta taɓa taka gonar auduga ba, don ta rantse ba za ta taka ba. A kiwo, in mutum ya tsaya a gaban garke yana kaɗa ƙyalle, kora yake yi, cewa yake kada a biyo ta nan. Haka ta ɗauka tutar leburori take. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a gonar auduga mai tuta shi ne alamar layi, jirgi kansa yake saitawa ya taho, shi kuma da ya ga ya daidaita sai ya ruga gefe ya tsuguna.

Barry ya taso daga bakin kogi, rana tana dukan idonsa. Ya hango farar tuta tana kaɗawa da himma a ƙarshen gona, ya yaba wa leburan da ya san aikinsa, ya saita hancin jirgi a kanta. Thelma ta ga jirgin ya nufo ta, zuciyarta ta yi sanyi, ta ce ya gan ni. Ta ƙara ɗaga sandar. Ba ta ruga ba, ba ta tsuguna ba.

Leburorin tuta ne suka ɗauke ta daga cikin kunya, a jiƙe sharkaf tun daga gashi har silifa, kumfa na fita a bakinta, mayafin auren ya koma ruwan ɗorawa.

Barry ya sauka, ya ce a kai shi wurin 'yan sanda. Desmond ya dafa kafaɗarsa kamar ɗan'uwa.

"Ba laifinka ba ne, Barry. Ta sulale daga ɗakin baya muna barci. Ai ka gan ta ranar Kirsimeti."

Abin da ya kasa tabbata a bakin Coralie, yanzu ya tabbata a idon jama'a. Wace mai hankali ce za ta tsaya a gaban jirgin feshi da mayafin tebur? Likitan ya ce tun farko ya ga alamun. Noelene ta yi kuka a waya har sai da abinci ya sake ƙonewa. Bayan Thelma ta fito daga asibiti, da rabin fuska a sake da hannun da ba ya riƙe cokali, aka wuce da ita gidan kula da tsofaffi a Narrabri. A coci aka yi wa Desmond da Coralie addu'a ta musamman, Allah ya ba su ladan haƙuri. Kafin a ɗebi audugar shekarar an rushe gidan katako, don ganinsa yana tayar wa Desmond da hankali. Shuka ta gaba kunyoyin suka miƙe sambal har bakin titi.

Wata Lahadi suka zo duba ta, da kek a cikin gwangwani. Tana zaune a kujera mai taya kusa da taga, ma'aikaciyar jinya tana goge mata haɓa.

"Mama, albishirinki," in ji Desmond. "Kin san iyalan Kamilaroi, 'yan asalin ƙasar nan, da ke zuwa cirar ciyawa a gonaki? Suna can sun kafa tantuna a bakin kogi, da mata da yara, ba su da ruwan kirki. Coci ta ce a taimaka. Na ce ai ga tankin Mama yana zaune. Muka juye ruwan a motar ɗaukar ruwa, muka kai tankin, muka mayar masa da ruwansa, ko ɗigo bai salwanta ba. Da sunanki aka bayar. Limamin coci ya ambace ki a kan mumbari."

Thelma ta zaro ido. Ta kama hannun kujera da hannunta mai lafiya, ta yi ƙoƙarin miƙewa. Ta tattara duk abin da ya rage mata na harshe, ta fitar da kalmomin ɗaya-ɗaya, kuma a wannan karo sun fito sarai, duk wanda ke ɗakin ya ji.

"Kada... su... sha. Kada a ba yaran."

Desmond ya dubi takalmansa. Coralie ta ciro hankici ta dangwali gefen ido, ta juya ga ma'aikaciyar jinya.

"Kin gani ko, 'yar'uwa? Ko ruwan sha ba ta son a ba talaka. Wallahi da ba haka take ba. Mace ce mai kyauta. Cutar nan ba abin da take bari."

"Haka suke komawa," in ji ma'aikaciyar. "Kada ku sa a ranku." Ta je ta kawo ƙwaya, ta ɗaga wa Thelma kai, ta ba ta.

Thelma ta ci gaba da faɗa har ƙwayar ta kama ta. Ta faɗa wa mai shara, ta faɗa wa mai kawo abinci, ta faɗa wa tsohon da ke ɗakin gefe, wanda kurma ne. Duk suka ce to, Misis Haddrill, za a gaya musu. An riga an shaida ba ta da hankali, kuma wanda aka yi wa wannan shaida yana da 'yancin faɗin gaskiya iya son ransa, ba mai hana shi, ba mai jinsa.

A duk wannan al'amari ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya zage ta. An wanke mata kaya, an saya mata buta, an kai ta likita, an yi mata addu'a, an yi sadaka da sunanta. In ka tambayi mutanen yankin za su ce maka Desmond Haddrill ya riƙe uwarsa har ƙarshe, kuma ba ƙarya suka yi ba, ya riƙe ta a daidai inda jirgi ke juyawa.

Na ɗauki alƙalami bayan gashina ya yi fari, saboda haka ina roƙon masu karatu, duk wanda ya ga na karkata a suna, ko a wuri, ko na sa abin baya a gaba, ya gyara mini, zan karɓa da godiya. Wanda kuma ya san cewa wani ya je bakin kogi ya faɗa wa iyayen yaran nan abin da tsohuwar ta ce, shi ne gyaran da na fi bukata, domin na yi tambaya a duk inda ƙafata ta kai, ban samu wanda ya je ba.